Muryar Inna a Kaset

Shafi na 23

Assalamu alaikum. Masu aiko min da saƙo wai na gudu, ban gudu ba, wuta ce ba mu samu ba sai jiya na kai waya wurin mai caji. Anti Turai, kin ce in bar sa Fanta kuka haka nan. Ki yi haƙuri da ni, yau ma ban iya ba. Wanda kuma yau ya shigo, muna Batsari ne, a shekarar da aka kori 'yan Gana, shekarar da cutar bushiya ta shiga shanu.

*

Ranar Asabar babu karatu, amma tun da hantsi 'yan ƙungiyar inji suka cika ajin ƙarshe. Janareta na ta tari a bayan taga.

A kan teburin malami injin yake, baƙar kwamfuta da ba ta fi faifai girma ba, an jona ta da 'yar talabijin. Ita Ticha Kofi ya bar musu ranar da aka ɗora shi a motar komawa Gana. Tun tafiyarsa babu malamin da ya san ko inda ake kunna ta, yaran ne ke koya wa junansu. Da kansu suka rubuta mata yadda za ta gaishe da yaro, ta tambayi sunansa, ta ba shi lissafi. In ya ci ta rubuta MADALLA, in ya faɗi ta rubuta SAKE.

Aibinta ɗaya ne, da an kashe wuta ta manta komai. Shi ya sa duk abin da suka rubuta suke juye shi a kaset irin na waƙa, da rediyon gidan su Fanta.

Fanta ta shigo da rediyon a kai, naɗe cikin zane.

"Sai yanzu, 'yar ruga?" in ji Daudu, shugaban ƙungiya, ɗan aji uku. "Mai na ƙonewa ke kina tafiyar amare."

"Daga Karare fa take, a ƙafa," in ji Bara'atu ƙawarta. "Kai da ke bayan katangar makaranta ai yanzu ka goge bakinka daga koko."

Aka yi dariya. Fanta ta kwance zanen ta miƙa masa.

Daudu ya jona waya, ya buga umarnin ɗauko aiki, ya danna rediyon. Kowa ya zuba wa talabijin ido.

Layuka suka yi ta rawa. Ba abin da ya fito.

Ya mayar da kaset baya, ya sake.

Shiru.

"Ƙara murya," in ji Usaini, ƙaramin cikinsu.

"Ka koya min, Farfesa."

Ya sake a karo na uku. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

"Bari in ji da kunnena."

Ya zare wayar daga rediyon. Duk sun san ƙarar da ya kamata ta fito, wani tsiii mai huda kunne kamar kukan gyare. Da haka injin ke magana da kaset.

Maimakon haka sai ga muryar mace.

"Salamu alaikum, Manu ɗan'uwana. Jam na? Ina gajiya, ina Ikko, ina iyali, yaya aikin gadi..."

Usaini ya kwashe da dariya. "Kai jama'a! Inji ya koyi Fillanci!"

Ajin ya ɗauka. Fanta kaɗai ta tsaya kamar an kafe ta, don tun daga sallamar ta gane muryar Innarta.

Muryar ta ci gaba, ta fara rawa.

"Manu, bushiya ta gama da mu. Farar saniyar nan da mahaifiyarmu ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki, da idona na ga ta durƙusa, hawaye na zuba mata kamar mutum..."

Dariyar ta mutu.

Fanta ta yi tsalle ta danne rediyon da hannu biyu.

Janareta kawai ake ji.

"Fanta," Daudu ya kira ta a hankali. "Mene ne wannan?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba? A hannun wa kaset ke kwana?"

"A cikin akwatina nake sawa, wallahi."

"Juya bayan," in ji Usaini.

"Bayan ai waƙoƙin Ticha ne, wawa!" Daudu ya daka masa tsawa. Ya juyo ga Fanta. "Tun damina muke wannan aiki. Tun damina! Sai da na ce kada a ba 'yar daji ajiya."

"To da rediyon ubanka za a yi?" in ji Bara'atu. "Ya hana ka ko taɓa shi, ka manta?"

Gyaran murya aka yi daga ƙofa. Malam Surajo ne, shugaban makaranta. Duk suka miƙe.

"Barka da hantsi, Malam."

"Yauwa, ku zauna. Na ji komai." Ya cire hula ya shafa kai. "Ni ban san abin nan ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na sani shi ne, jami'in ilimi ya ce ajiye irin wannan a ƙauye ɓarna ce. Jibi Litinin zai iso. In ya ga kuna sarrafa shi da kanku, zai bar muku. In bai gani ba, cikin kwali zai bi shi Kaduna. Na roƙa iya roƙona."

"Malam, za mu nuna masa," in ji Daudu.

"Da me?"

"Muna da hadda."

Malam Surajo ya dube shi kamar bai ji daidai ba.

Gaskiya Daudu ya faɗa. Takarda ta yi wuya a shekarar, duk wanda aka kama ya ɓata littafin makaranta da abin da ba darasi ba sai ya sha bulala. A allon bango suke rubutu, da safe wani malamin ya goge. Don haka suka koma yadda suka saba a makarantar allo, aka raba layukan, kowa ya haddace nasa.

Daudu ya zauna gaban injin. "Bara'atu, biya."

Ta rufe ido, ta fara kaɗa jiki gaba da baya, tana biya layukanta da Turancin inji.

"Ten, firin, sannu da zuwa. Tuwanti, firin, mene ne sunanka..."

Tana rerawa yana bugawa. Ta gama, Usaini ya karɓa. Bayansa wani yaro, bayansa Fanta. Muryarta can ƙasa take, sai da Daudu ya ce ta ɗaga, amma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ta kai ƙarshen nata.

"Na gaba."

Ba wanda ya amsa.

"Na ce na gaba! Wa ke biye da Fanta?"

Bara'atu ta sunkuyar da kai. "Jafaru."

Yayan Fanta ke nan. Shi ya fi kowa kai a ƙungiyar, shi kaɗai Ticha Kofi ya zaunar ya nuna wa yadda inji zai riƙa zaɓo lambobi da kansa, ya kuma gane amsar daidai. Wannan shi ne cikin aikin, sauran duk kai ne da ƙafa. Amma tun da bushiya ta ɓulla Jafaru ya bar aji. Mahaifinsu ya rasu bara, babu wani namiji a gidan, shi ya kora sauran shanun da ba su kamu ba ya nufi dajin Ruma.

"Zan gwada da kaina," in ji Daudu.

Ya buga, injin ya ƙi. Ya goge ya sake, injin ya tambayi suna, ya tsaya cak. Ya sake wani salo, sai ya riƙa rubuta SAKE, SAKE, SAKE har ya cika fuskar talabijin ba wanda ya tambaye shi.

Can janareta ya yi tari biyu ya mutu. Fuskar talabijin ta yi baƙi.

Daudu ya kifa kai a kan teburin. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya laluba aljihu ya fito da guntun fensir da takardar buhun siminti, ya ajiye a gaban Fanta.

"Gobe Lahadi. Ko ki zo da Jafaru, ko ki rubuto daga bakinsa." Ya dube ta. "Don Allah, Fanta."

Bai taɓa ce mata don Allah ba sai ranar.

*

La'asar sakaliya ta isa ruga. Garken ba kowa sai turaku da ƙudaje. Inna Asta na zaune a gindin tsamiya tana goge ƙoren nono da suka daɗe ba su ga nono ba.

"Inna, sannu da gida."

"Yauwa, kin dawo? Akwai tuwon jiya a tukunya."

Fanta ta sauke rediyon a gabanta. Ta durƙusa.

"Inna, ke kika taɓa kaset ɗin da ke cikin akwatina?"

"Ni ce. Direba zai tafi Ikko ranar kasuwa, na ce in aika wa kawunki Manu da magana. Na duba ban gan shi ba ashe kin ɗauka."

"Inna, mi ya sa?"

"Mi ya sa mi? Ni ban iya rubutu ba, kin sani."

"Aikinmu ne a ciki!"

Inna ta ajiye ƙwarya.

"Wane aiki? Sai da na saurara kafin in taɓa, ɗiyata. Gefe ɗaya waƙa ce, na bar muku ita don na ga mai kyau ce. Ɗaya gefen ya lalace, ba komai sai ƙara. Na ce tunda ya riga ya mutu..."

"Bai mutu ba! Ƙarar ita ce aikin!"

"Ƙarar?"

"Ita ce, Inna. Ita ce duka."

Inna ta dube ta.

"To ni ina zan sani?" ta ce a hankali.

Fanta ta fashe da kuka. "Gaban kowa aka kunna. Kowa ya ji muryarki."

Nan take fuskar Inna ta canza. Ta damƙo hannunta.

"Har ina suka ji?"

"Inna, kina min ciwo."

"Na ce har ina?"

"Har wurin farar saniya. Na kashe."

Inna ta sake ta, ta sauke numfashi, ta koma goge ƙwaryar da ta riga ta goge.

Fanta ta share ido da gefen mayafi. "Ba komai. Akwai gyara. Ki faɗa min inda Hamma Jafaru ya yada zango a Ruma, gobe da sassafe in bi shi. Abin da ya ɓata yana kansa."

"Ba inda za ki."

"Inna, in ban je ba za a ɗauke injin."

"A ɗauke."

"Saboda ni za a ɗauke! Da wane ido zan kalli mutane?"

"Daji ba wurin ɗiya mace ba ne."

"Sau nawa na kai masa fura a daji? Wace mashaya yake? Kusa da wa?"

Inna ta ci gaba da goge ƙwaryar.

"Inna, ina Hamma yake?"

Inna ba ta taɓa kiran sunan Jafaru ba tun da ta haife shi. Ɗan fari ne. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in dole ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Fanta ta tashi ta ga haka a kowane gida, ba ta taɓa jin abin ya dame ta ba sai yau.

"Ki daina tambayata zancen wancan."

"Yana lafiya?"

Leɓen Inna ya motsa, magana ba ta fito ba. Ta sake gwadawa, ta kasa. Sai ta miƙa ƙafa ta tura rediyon gaban Fanta.

"Bakina ba zai iya a gaban mutum ba. Shi wannan ba shi da ido, shi ya sa na faɗa masa."

Ta tashi ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, ko waiwaye babu.

Fanta ta danna.

"...hawaye na zuba mata kamar mutum. Sai zancen wancan, Manu. Waɗanda ya gudu da su ma ba su tsira ba. Ɗaya bayan ɗaya suka faɗi a hannunsa, shi kaɗai a daji. Masu itace suka tsince shi zaune a tsakiyar mushe yana korar ungulu da sanda. Tun ranar bai ce uffan ba. Na kai shi Darini wurin Malam Armaya'u mai rubutu. Yarinyar ba ta sani ba, na bar ta da karatunta. Manu, ka zo. Ni ba ni da ikon in je in zauna kusa da shi, mutane za su ce ba ni da kunya. Ka zo ka duba min..."

Muryar ta tsaya. Aka ji numfashi mai tsawo.

"...ka duba min Jafaru."

*

Rana ba ta gama ɗagowa ba Fanta ta isa Darini. Ta yi sallama a zauren Malam Armaya'u, ta durƙusa nesa.

"Allah gafarta Malam, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yan mata. Daga ina?"

"Daga Karare. Ni ƙanwar Jafaru ce."

Tsohon ya ajiye alƙalami. Farin gemu gare shi da sanyin murya.

"Allah sarki. Shiga ki gan shi, ko ganinki zai sa ya ci abinci. Ba ya duka, kada ki ji tsoro. Marin ƙarfe da za ki gani a ƙafarsa na sa masa don kada ya koma daji ne, sau biyu muna kamo shi a hanya." Ya girgiza kai. "Na yi rubutu, na yi tofi. Aljanin da ke jikinsa ya ƙi magana. Da zai yi magana in san ko wane iri ne, da na san ta inda zan ɓullo masa."

Ɗakin na bayan zaure. Jafaru na zaune a kan buzu, ya jingina da bango, ƙarfe a ƙafafunsa. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Kwanon kunu na gefensa, ƙuda na bi.

"Hamma."

Bai motsa ba.

"Hamma, ni ce Fanta."

Idonsa na kan bango.

Ta zauna kusa da shi, ta ɗebo kunu a ludayi ta kai bakinsa. Ya bi ta gefen haɓarsa ya zube. Ta goge masa da mayafinta.

"Inna na gaishe ka. Ta kira sunanka, Hamma. Da kunnena na ji."

Ko ƙiftawa.

Ta yi kukanta mai isarta. Ta ba shi labarin Bara'atu, da Usaini, da yadda Daudu ya ce mata don Allah. Ta faɗa masa gobe za a sa injin Ticha a kwali. Duk kamar da bangon take.

Har ta miƙe za ta tafi, takardar simintin ta faɗo daga ƙugunta. Ta tsaya tana kallonta. Kunya ta kama ta, a ce ɗan'uwanta na cikin wannan hali ita tana tunanin inji. Amma ba ta da sauran abin da za ta faɗa masa.

Ta koma ta zauna. Ta rufe ido, ta fara kaɗa jiki, ta biya nata layukan a hankali kamar mai lallashin jariri. Ta kai na ƙarshe, inda kullum yake karɓa daga bakinta.

Ta yi shiru.

Ƙarfen ƙafarsa ya yi ƙara.

"Tu handired..."

Muryar a dishe take, kamar daga cikin rijiya.

"Tu handired, let e ikwal... int... tu handired an ten, let bi ikwal..."

"Hamma!"

Bai dube ta ba. Jikinsa ya fara kaɗawa, layukan na fitowa ɗaya bayan ɗaya, babu gargada. Ta laluba fensir, ta shimfiɗa takardar a cinya ta fara rubutu, hawaye na ɗiga a kai.

Inuwa ta rufe ƙofar.

Malam Armaya'u ne tsaye, carbi a hannu, fuskarsa cike da murna.

"Allahu akbar! Ya tona kansa. Kin ji harshen? Nasara ne, wallahi nasara ne ya shige shi!"

"A'a Malam, ba haka ba ne! Karatun makaranta ne!"

"Yarinya, yaron da ya kasa cewa ruwa, ya kasa amsa sallama, shi ne zai yi karatu? Ba shi ke magana ba. Taso daga nan maza, kada ya koma kanki."

"Allah gafarta Malam, ni na ja masa baki! Ni ma na iya, ka ji..."

"Ke ma?"

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ya ja da baya taku ɗaya, ya ɗaga murya zuwa cikin gida yana kiran almajirinsa.

"Jinjiri! Kawo garwashi da barkono a yi masa hayaƙi, yanzu da aljanin yake sama! Ka zo da bargo a toshe taga!"

Jafaru bai tsaya ba, bai ma san ana yi ba. Ya kusa rabin nasa.

Fanta ta dubi takardar. Ta dubi bakinsa. In ta rufe masa baki yanzu, wataƙila malam ya dakata, wataƙila kuma bakin ba zai sake buɗewa ba har abada.

Warin barkono ya fara shigowa ta ƙofa.

"Tu handired an fifti," in ji Jafaru, "if..."